Attahiru Mai Ɗumama Akwati

A Bungudu aka haifi Attahiru, a gidan maɗinka, ko da yake in ka tambaye shi yau zai ce maka shi ɗan Gusau ne gaba da baya. Mahaifinsa ya shekara talatin yana taka keken ɗinki a bakin kasuwa, ya so ya ɗora ɗan a kan sana'ar, ɗan ya ce kansa ya fi ƙarfin awon wuyan riga. Da ƙyar ya fita sakandare. Daga nan ya tattara kayansa a leda ya sauka Gusau wurin wani mai na'urar kwafi kusa da tashar mota. A nan ya koyi buga takarda da yatsa biyu, ya koyi manna hoto a fom, ya kuma koyi abin da ya fi komai yi masa amfani a rayuwa, wato in mutumin ƙauye ya tsaya a gabanka da takarda a hannu, kada ka yi saurin ɗaga kai.

Shekara shida bayan haka ya buɗe shagon kansa. Kwamfuta uku ne a ciki, ɗaya ba ta taɓa kunnuwa ba, ado ce kawai. Akwai janareta mai tari, da fankar da sai an tunkuɗa ta da biro take juyawa. Ya sa aka rubuta masa Injiniya a allon ƙofa, kuma tun daga ranar bai ƙara waiwayar wanda ya kira shi da sunansa zalla ba.

Sa'arsa ita ce ya buɗe shagon daidai lokacin da komai ya koma sai da imel. Rajistar jarrabawa, neman taki, tallafin manoma, neman aiki, kowane fom yana da gurbin da za a cike adireshin imel. Mutanen Magami da na Ruwan Bore su zo su yi layi a ƙofar shagon tun hantsi, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wanda ma wayarsa mai maɓallai ce. Attahiru ya buɗe wa kowa akwatin imel. Shi ke zaɓar kalmar sirri, shi ke sa lambar wayarsa a gurbin da ake neman ta mai akwatin, sannan ya rubuta duka a wani dogon littafi mai baƙin bango. Ba wanda ya taɓa tambaya. Manomi takardar da aka buga masa yake so, ya naɗe ta ya sa a hula ya kama hanyar gida kafin la'asar.

Da wayoyin zamani suka cika gari, kasuwar shagon ta faɗi. Sai ya samo wata sana'ar daga kallon bidiyon masu koyar da neman kuɗi a intanet. Kamfanonin ƙasashen waje suna son shafinsu ya riƙa fitowa a sama idan mutum ya yi bincike, abin da ke ɗaga shafi kuwa shi ne wasu shafukan su riƙa nuni zuwa gare shi, su sa mahaɗin da in an taɓa zai kai mutum can. Sai a ɗauki irin su Attahiru su yi ta aika wasiƙu ga masu shafukan da ba su san su ba, suna neman a sa mahaɗin. Roƙo ne tsagwaronsa, an dai sa masa kwat.

Wahalar ma ba shi ke yi ba, akwai manhajar da ke yi. Ita ke kwaso adireshi daga shafuka, ita ke cusa sunan kowane mutum a saman wasiƙa don ya zaci shi kaɗai aka rubuta wa, ita ke sake taɓo shi bayan kwana uku in ya yi shiru, ta kuma sake bayan mako. A cikin wasiƙun sunan Attahiru Daniyel, mazaunin Landan, kuma ya karanta rubutunka a kan abincin karnuka ya ratsa shi ƙwarai. Mutumin da ko kare ya gani a lungu sai ya sauya hanya.

Matsala ɗaya ce a sana'ar. Akwatin da ya cika aika wasiƙu ga baƙi, masu kula da imel sukan gane shi, su riƙa zuba duk abin da ya aiko a kwandon shara. Don haka ana bukatar akwatuna da yawa, kuma tsofaffi sun fi daraja. Sauran masu sana'ar saye suke yi. Attahiru kuwa ya jawo littafinsa mai baƙin bango, ya kaɗe masa ƙura, ya tarar da akwati sama da ɗari shida suna kwance, masu su na can gona ba su ma tuna da su ba. Kafin a sa akwati aiki, manhajar takan yi makonni tana abin da shi yake kira ɗumamawa: akwatunan su riƙa aika wa junansu gajerun gaisuwa da Turanci, su buɗe, su amsa, don a ɗauka mutane ne na gaske ke hira. Da rana tsaka zai miƙe ƙafa a kan benci yana shan rake, ya ce wa masu shayin gefe, "Ni daga nan nake juya Landan." Su kuma su ce Injiniya sai a hankali.

Duk wannan Bashar, wani saurayi ɗan unguwar Tudun Wada, bai sani ba sai daga baya. Abin da ya sani kawai shi ne Attahiru ne ya buɗe masa akwatinsa shekara tara da suka wuce, ranar da ya zo rajistar shiga jami'a. Ya gama jami'ar, ya yi bautar ƙasa, ya dawo Tudun Wada ya zauna shekara biyu ba aiki, kuma har lokacin bai taɓa sauya kalmar sirrin ba. Akwatin nan shi ne ƙofar da yake jiran alheri ya shigo ta ciki. Bayan kowace salla sai ya duba. Lokaci-lokaci yakan ga gajerun saƙonnin Turanci daga sunayen da bai sani ba, ya ɗauka tarkacen intanet ne, ya wuce.

Yayarsa Hauwa'u tana auren Sama'ila, manomi ɗan wajen Magami da rashin tsaro ya koro shi cikin Gusau, ya koma sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kawowa gari. Suna da 'ya ɗaya, Sadiya. Bayan girbi, wata Juma'a da safe, aka tare motarsu a hanyar Tsafe aka shiga da su daji. An kira gida sau biyu, daga nan wayar ta mutu. Wata biyu bayan haka direban motar ya fito, ƙashi da fata, ya zo har ƙofar gida ya durƙusa gaban Malam Aminu, mahaifin Sama'ila, ya ce zazzaɓi ya kashe ɗansa a can, kuma da hannunsa aka tona ramin. Ya faɗi ranar, ya faɗi irin bishiyar da ke wurin. Aka yi salla, aka yi zaman makoki, Hauwa'u ta cire 'yan kunne ta shiga takaba.

Tana kwana na talatin da bakwai a ɗaki saƙon ya shigo wayar Bashar. Sunan Sama'ila ne a sama, cikakke, da sunan mahaifinsa. Layi biyu ne da Turanci: yana fatan Bashar na lafiya, shi ma yana nan ƙalau, kuma zai so su yi magana mako mai zuwa.

Bashar yana tsaye a bakin famfo da buta a hannu. Ya karanta sau huɗu. Ya zauna a kan bulo. Da ya tsaya ya yi tunani na minti goma, da wataƙila ya tuna cewa Sama'ila firamare kawai ya yi, kuma bai taɓa aika imel ba a rayuwarsa. Bai tsaya ba. Ya ruga gidan yayarsa ba takalmi, ya faɗa ba sallama, ya miƙa mata wayar kamar ita za ta iya karantawa. Wannan gudun shi ne har yau yake dawo masa in ya rufe ido.

Hauwa'u ba ta yi kuka ba. Ta ce ya fassara, ya fassara. Ta ce ya sake, ya sake. Sannan ta ce a kira Baba.

Malam Aminu tsoho ne mai taka-tsantsan, bai yarda nan take ba. Ya ce a kai wa wanda ya san kan abin ya duba, kuma duk unguwar ba wanda aka sani da sanin kan abin sai Injiniya. Shi ne ma ya buɗe wa Sama'ila akwatin, shekarar da aka yi rajistar taki. Washegari da hantsi Bashar ya ɗauki tsohon a babur suka tafi.

Attahiru ya bar su a tsaye ɗan lokaci, bisa al'adarsa, sannan ya karɓi wayar. Bashar ya ga yadda babban yatsansa ya tsaya cak a kan gilashin, ya ga ya ɗan kalli aljihun tebur inda littafin yake. A lokacin ya ɗauka tausayi ne ya kama shi. Alhali Attahiru ya gane abin da ya faru tun kallon farko, domin shi da hannunsa ya zuba akwatin mamacin a manhajar sati biyu kafin nan. Kalma biyar ta isa ta sallami tsohon ya koma gida da baƙin cikinsa guda ɗaya. Amma kalma biyar ɗin za ta buɗe littafin. Sai ya gyara zama, ya cire raken daga bakinsa, ya ce, "Baba, wannan ai albishir ne."

"Ɗana bai iya Turanci ba, Injiniya," in ji Malam Aminu. "Ko sunanai da ƙyar shika rubutawa."

"Ka san malaman makaranta nawa ke tsare a dajin nan, Baba? Wani ne ya rubuta masa. Da Turanci kuma, don masu gadinsu kada su gane. Dabara ce."

Tsohon ya tambaya ko ana iya sanin daga ina saƙon ya fito. Attahiru ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne a wurinsa. Ya danna maɓallai da ƙarfi don a ji ƙara, ya buɗe taswirar da kowa ke da ita a waya, ya ja ta ya ja ta, ya ɗora yatsa a kan wani koren wuri kusa da Kucheri, ya ce daga nan ne, ko kusa da nan. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce aikin Allah ne. Da suka fita Malam Aminu yana ta sa masa albarka har bakin titi.

Kwana huɗu bayan haka saƙo na biyu ya zo. Sama'ila yana godiya da amsar da ya samu, kuma yana ganin shawarar tana da kyau. Ba wanda ya san wace shawara, amma kowa ya samo mata ma'ana. Gida ya rabu biyu. Limamin unguwa ya ce a bi a hankali, shaidar wanda ya tona rami ta fi shaidar waya. Malam Aminu ya ce shi ba zai bari a yi wa ɗansa takaba yana numfashi ba. Direban da ya kawo labarin mutuwar ya zama abin zargi, har wasu suka fara cewa a bincike shi, wa ya san abin da ya haɗa shi da mutanen daji. Bawan Allah ya daina fitowa masallaci.

Hauwa'u ta fito daga ɗaki. Ta yi kitso, ta sa kwalli, ta mayar da 'yan kunne, ta wanke rigunan mijinta ta goge ta jera. Ta je sunan maƙwabta da Sadiya a hannu, mata suna ta satar kallonta, wasu na yi mata barka, wasu na taɓe baki in ta juya. Ta ce wa 'yarta babanta ya kusa dawowa. Wata ranar da la'asar ta kira Bashar ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta ce ya rubuta wa baban Sadiya abin da za ta faɗa, da Hausa, kada ya gyara ko kalma ɗaya, kuma kada ya ɗago ya kalle ta. Ta yi maganar da mace ba ta yi a gaban ƙaninta. Ta nemi gafarar faɗan da suka yi daren da zai tafi, ta gaya masa haƙorin Sadiya ya fita, ta gaya masa abin da take tunawa da shi in ta shiga ɗaki. Bashar ya rubuta kansa a sunkuye, kunnuwansa na zafi, ya aika.

Amsar da ta zo bayan kwana uku ta ce mako ya yi kyau, kuma ana fatan hutun ƙarshen mako zai yi daɗi. Bashar ya fassara mata da cewa ya gani, yana gaishe ta.

Shi kuwa Malam Aminu ya kama hanya. Mai shekara saba'in da wani abu, ya hau motar Tsafe, hanyar da aka ɗauke ɗansa, ya sauka ya nemi ta Kucheri, yana bin masu shayi da 'yan acaɓa da hoton Sama'ila a hannu. Sau uku yana zuwa. Duk ranar da ya tafi Bashar ba ya iya cin abinci, yana zaune da waya a hannu yana jiran ɗayan biyu, ko saƙon mamaci ko kiran cewa an tare motar tsoho. Sau biyu yana komawa shagon Attahiru neman ƙarin bayani. Mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya ce a ci gaba da addu'a, alamu suna kyau. A duk tsawon makonni ukun nan bai cire akwatin daga manhajar ba.

Abin ya tonu ne ta hanyar da ba ta da wani armashi. Wani kamfani ya nemi Bashar ya sake turo takardunsa, sai ya shiga ɓangaren saƙonnin da ya aika don ya nemo tsohuwar wasiƙar. Can ya tarar da saƙonni fiye da ɗari da bai taɓa rubutawa ba, duk da sunansa, duk da Turanci, zuwa ga mutanen da bai sani ba. Ya ga ɗaya zuwa ga Sama'ila, an aika shi minti huɗu bayan saƙon farko ya shigo, lokacin da shi yake zaune a kan bulo a bakin famfo. Wai yana godiya, kuma yana da wata shawara. Ya koma cikin tarkacen da ya saba tsallakewa, ya tarar da layi biyun nan na farko, kalma da kalma, fatan yana lafiya da son a yi magana mako mai zuwa, an aiko masa su tun watanni uku da suka wuce daga wata Asabe Magami. Ya san Asabe. Ƙuli-ƙuli take sayarwa a bakin tasha, kuma da dangwala yatsa take sa hannu.

Bashar ya nufi shagon, ya tarar da Attahiru yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihun tebur.

"A'a, mai digiri. An samu sabon saƙo ne?"

Bashar ya ajiye wayar a gabansa, saƙon Asabe a buɗe.

Da farko Attahiru ya ce 'yan damfara ne suka shiga akwatunan, abin ya zama ruwan dare. Da Bashar ya tambaye shi lambar wa ke jikin akwatin Sama'ila da nasa da na Asabe, sai ya sauya murya. Bai ji kunya ba. Abin da ya bayyana a fuskarsa ya fi kama da jin daɗin wanda a ƙarshe ya samu mai ilimin da zai fahimci girman aikinsa. Ya juyo da kwamfutar ya nuna masa jerin akwatunan, kowanne da koren ɗigo a gefe, ya yi masa bayanin ɗumamawa dalla-dalla, har da yadda ake auna lafiyar akwati da maki. Ya ce shi bai rubuta ko harafi ɗaya ba, manhaja ce, kuma manhaja ba ta san wanda ya mutu ba.

"Amma kai ka sani," in ji Bashar.

"Ni na ce yana raye? Ka tuna da kyau. Albishir na ce."

"Ka nuna wa Baba Kucheri."

"Tambayata ya yi. Tsoho ya zo har shagona, in ce masa ban sani ba?"

Bashar ya tambaye shi me ya hana shi ko tsayar da saƙonnin, tun da ya ga abin da suke haddasawa. A nan ne Attahiru ya nuna damuwa ta gaske, karo na farko. Ya ce akwatin yana tsakiyar ɗumi, in an cire shi yanzu an yi asarar wahalar wata guda. Ya ce akwati ne mai shekara bakwai da bai taɓa aika shirme ba, irinsa ba a samu a kasuwa, makinsa ya fi na kowa a jerin. Ya ce shi ma yana da zuciya, ya karanta abin da matar ta rubuta, wallahi har ya ji wani iri, musamman wajen haƙorin yarinyar. Sannan ya rage murya kamar mai neman alfarma wurin ɗan'uwa, ya ce, "Ka bar min shi zuwa ƙarshen wata. Daga nan sai in sauya masa suna, ba wanda zai ƙara ganin Sama'ila."

Bashar bai doke shi ba. Ya tsaya a kansa ya sa shi ya cire akwatin Sama'ila da nasa, ya sa shi ya karanto lambobin da aka turo wayarsa ɗaya bayan ɗaya har aka sauya kalmar sirri. Attahiru yana yi yana tsaki, yana cewa wannan shi ne matsalar mutanenmu, ba sa son ci gaba. Da Bashar ya ce ya ba shi littafin, sai ya dafe aljihun tebur da hannu biyu.

"Wannan amanar mutane ce," in ji shi.

Masu shayin gefe sun ji komai, ƙofa a buɗe take. Zuwa magariba labari ya zaga tasha. An yi kwana biyu ana zagin Attahiru, wani ya fasa masa allon ƙofa, shi kuma ya rufe shago ya tafi Bungudu gaida mahaifiyarsa, wadda ya shekara bai leƙa ba. Bayan sati biyu ya dawo ya kama wani shagon a Sabon Gari, ya sa aka rubuta sabon allo. Yawancin masu akwatunan suna ƙauye, ba su ji ba, waɗanda suka ji kuma ba su gane me aka ɗauka musu ba, tun da ba abin da ya ragu a rumbu. Yana nan yana sana'arsa. Kwanan baya ma an ji yana neman ɗalibai, zai koya musu yadda ake juya Landan.

Ranar da abin ya tonu, Bashar ya fara zuwa wurin Malam Aminu. Ya same shi a zaure bai daɗe da dawowa daga Kucheri ba, ƙafafunsa a cikin kwanon ruwan ɗumi. Ya yi masa bayani sau biyu, tsohon bai gane manhaja ba, bai gane ɗumamawa ba. A ƙarshe ya ce, "Kai dai hwaɗa mini, ɗana ne ya rubuto ko ba shi ba ne?" Bashar ya ce ba shi ba ne. Tsohon ya fitar da ƙafafunsa daga ruwan. Sannan ya ce a kawo masa takalmansa, zai je gidan direban nan ya nemi gafararsa tun rana ba ta faɗi ba.

Saura Hauwa'u. Ya tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida, da sabon kitso. Ya tsuguna nesa da ita ya faɗa mata, bai ɓoye komai ba, har da cewa amsar ƙarshe ba gaisuwa ba ce, shi ya ƙara. Ta ajiye rariyar. Ta aika Sadiya maƙwabta. Ta tambaya ko liman ya ji, ya ce ya biya ta wurinsa, kuma ya ce ba laifi a kanta tun da ruɗarta aka yi, ba sai ta sake daga farko ba, ta koma ta cika kwanakinta. Ta gyaɗa kai. Ta sa hannu ta cire 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya ta riƙe a tafinta.

"Wanda na sa ka rubuta," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Ya tafi wani wuri, ko yana nan cikin wayar?"

"Ya tafi, Yaya."

"Wani ya karanta?"

Ƙarya tana bakinsa, mai sauƙi, wadda ba wanda zai taɓa tonawa. Amma makonni uku ke nan yana kawo mata labari mai daɗi.

"Attahiru ya karanta," ya ce.

Hauwa'u ta ja mayafinta ta rufe kitson. Ta ce in Sadiya ta dawo kada ya gaya mata komai, ita za ta gaya mata da bakinta in ta samu yadda za ta faɗa. Ta ce ya sanar da mata cewa ba sai sun sake zuwa gaisuwa ba, ta riga ta karɓa. Sannan ta miƙe, ta bar garin a faifai, ta shiga ɗaki ta saki labule.